Almu Direba da Gaurakin Inna Mero

Duk wanda ya shiga tashar manyan motoci ta Funtua ya ce yana neman Almustapha, sai an tambaye shi wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ya ce Almu na tsuntsaye, ko mai shayin bakin ƙofa zai nuna masa shi da baki: wani siririn mutum ne, baƙi, mai furfura a gemu, wanda yawanci za a tarar ya ɗaga kai yana kallon saman bishiyar dalbejiya alhali mutane suna ta cinikin lodi a gabansa.

Mutumin Ƙarfi ne, ta wajen Malumfashi. Shi ne autan Inna Mero. Mahaifinsa manomin auduga ne, ya rasu Almu yana saurayi, yayyensa suka ci gaba da gonar, shi kuwa zuciyarsa ta tafi ga mota. Ya yi wankin mota, ya yi ɗaurin tamfol, ya kwana a ƙarƙashin bodi a garuruwan da bai san sunansu ba, har maigidansa ya yarda da hannunsa ya miƙa masa makulli. Tun daga nan yake ɗaukar masara da dawa da waken suya daga kasuwannin Dandume da Bakori da Kafur, yana kai su Ibadan da Legas, wani lokaci gabas har Maiduguri. Shekara ashirin da wani abu ya yi a kan titi, kuma in ka tambaye shi a lokacin, babu tsuntsun da ya sani sai wanda ya bugi gilashinsa.

Abin ya faro ne daga ciwon ƙafar Inna. Da gwiwoyinta suka ƙi, sai duniyarta ta koma tsakanin ɗakinta da inuwar zaure. Mace ce mai son labari, irin wadda in ta je biki sai ta dawo da tarihin kowa. Duk sanda Almu ya dawo daga tafiya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye mata tsarabar goro da man ja, sai ta gyara zama ta ce, “To Auta, me ka gano mana?”

“Babu komai, Inna. Titi ne kawai, sai ramuka.”

“Kai dai an yi asarar ido. Mutum ya ratsa ƙasa tun daga nan har bakin teku, ya ce bai ga komai ba?”

Wata rana bayan girbi, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ce masa, “A duk yawon nan naka, ba ka taɓa cin karo da gauraka ba?”

Almu ya ce ya dai san sunan.

Inna ta ajiye gyaɗar. Ta ba shi labarin fadamar da ke bayan garinsu, wadda yanzu ta zama gonakin tumatir da na rake. Ta ce lokacin da take budurwa, in an yanke shinkafa, gauraki kan sauko bibbiyu, dogaye, da tukkun nan nasu kamar an soka musu tsintsiyar zinariya a ka. Suna buɗe fiffike suna tsalle suna rusuna wa juna, 'yan mata masu zuwa ɗibar ruwa su ajiye tuluna suna yi musu tafi. Kukansu kuwa, in suka taso da sassafe, har cikin ɗaki ake ji. “Rabona da su tun kana goye,” in ji ta. “Ban san ko sun ƙare a duniya ba ne, ko mu ne suka yi wa ƙaura. Ina so in sake ganin ko guda kafin in koma.”

Maganar ta zauna masa. Ba a jima ba ya kai kaya gidan wani attajiri a Kano, sai ga gauraka a tsakar gida, yana taku tsakanin motoci. Almu ya zaro waya ya ɗauki hotonsa, ya ƙagu ya iso Ƙarfi. Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuska, ta matso da ita, ta daɗe tana dubawa.

“Shi ne,” ta ce. “Amma wannan me yake takawa?”

“Siminti ne, Inna.”

“Fiffiken fa, ya na gan shi gundul?”

“An yanke ne don kada ya gudu.”

Ta miƙa masa wayarsa. “Wannan ɗan kurkuku ne, Auta. Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari. Amma ba shi nake nufi ba.”

Daga ranar ya fara duba gefen hanya. Da ya fara dubawa kuwa, sai ya ga ashe titin da ya ce babu komai a kansa cike yake da jama'a. Ga cilakowa tana tsallaka hanya da tashinta na lilo, ga shaho a kan turken lantarki, ga zalɓe tsaye a ƙarƙashin gada kamar mai jiran mota. Wayar ce ba ta da ƙarfi. Duk abin da ya ɗauka sai ya fito kamar ɗigon tawada. A wata tafiya Legas, yana jiran a sauke kaya, ya shiga kasuwar kayan lantarki ya sayi kyamara ta hannu, tsohuwa, mai dogon hanci da ke jawo abu daga nesa. Mai shagon ya nuna masa inda ake dannawa da inda ake murɗawa, sauran kuwa shi da Allahnsa.

Da matarsa Maijidda ta ga abin da ya fito da shi daga jaka, ta riƙe haɓa. “Baban Yasmin, ni da nake jiran injin markaɗe, sai ka shigo mini da wannan? Hoton biki za ka koma?”

“Tsuntsaye zan ɗauka.”

Ta dube shi, ta dubi kyamarar, ta tashi ta shiga kicin. Injin markaɗen ya zo daga baya, amma ta daɗe tana kiran kyamarar da “abar nan taka”.

A tasha kuwa abin dariya ya samu. Jibo, abokinsa tun suna ɗaurin tamfol, wanda yawanci suke jerawa da motocinsu, shi ne ya laƙaba masa sunan. In ya hango shi sai ya ɗaga murya: “Almu na tsuntsaye! Yau wa za a ɗauka, kazar mai shayi?” Almu sai ya yi murmushi. Hotunansa na farko ma sun cancanci dariyar: reshe babu kowa a kai, wutsiya ba kai, sararin sama fari fat.

Sai dai aikin direban babbar mota rabinsa jira ne. Jiran lodi, jiran sauke kaya, jiran a buɗe hanya, jiran bakanike. Lokacin da wasu ke kashewa a karta da barci a ƙarƙashin mota, shi ya mai da shi makaranta. Ya gane cewa tsuntsu yana tsoron mutum a tsaye, amma bai damu da mota ba. In ya zauna a kan mota ya sauke gilashi ya ɗora kyamarar a kan tsumma, har kusa da taya suke zuwa tsintar hatsin da ya zube. Ya gane hasken bayan sallar asuba da na la'asar sakaliya su ne na hoto, na tsakar rana kuwa ɓata lokaci ne. Ya koyi riƙe numfashi kafin ya danna. Ya daina sa farar riga in zai shiga daji.

In ya dawo gida, bayan an ci tuwo, sai ya zauna gefen tabarmar Inna yana nuna mata a bayan kyamarar, ita kuma tana raɗa musu suna. “Wannan ragon maza ne, ka ga jan idon. Ba ya son tashi, sai sanɗa cikin ciyawa.” “Wannan carki ne, a bayan wace saniya ka same shi?” “Kai! Burtu! A ina? Ashe suna nan!” In ya kawo wanda ba ta sani ba, sai ta ce na wata ƙasa ne, ya tambayi mutanen wurin. Haka ya saba da tsayar da masunta da makiyaya da tsofaffi a bakin hanya yana tambaya, har ya zama yana da sunan tsuntsu guda da Hausa da Fulatanci da Yarbanci.

Tambayar nan da leƙe-leƙen sun kusa jawo masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wata damina, a hanyar Mokwa, kulocin motarsa ya ƙone a kusa da wani ƙauyen Nufawa. Jibo ya ajiye tasa motar a gefe ya hau ta haya ya tafi nemo bakanike. Da gari ya waye Almu ya ji wani kuka da bai taɓa ji ba daga wajen kogi, ya rataya kyamara ya bi. Yana tsugune a bayan wata tumfafiya, ya saita, sai ya ji ƙarfe mai sanyi a ƙeyarsa.

'Yan banga ne, da bindigogin toka. A lokacin masu satar mutane sun addabi yankin, kuma kowa ya san ba sa shiga gari sai an yi musu leƙen asiri. Ga baƙo, Bahaushe, a ɓoye cikin ciyawa, da na'ura yana auna wajen gonaki. Ba su tsaya jin bayani ba. Suka ƙwace kyamarar, suka ɗaure masa hannu da rawanin wani, suka tasa shi gaba. Kafin su kai ƙofar dagaci gari ya taru, ana ta faɗin “infoma, infoma”, wasu har sun tsinci duwatsu. Almu ya ce a ransa yau kam sai abin da Allah ya yi, ya shiga salati.

Dagacin tsoho ne, yana jin Hausa sosai. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Malam, me ya kai ka bayan gonakinmu?”

“Ranka ya daɗe, tsuntsu na bi.”

Aka kwashe da dariya mara daɗi. Shugaban 'yan bangar ya ce a ba su shi kawai, su sun san yadda za su sa ya tuna gaskiya.

“Ranka ya daɗe,” in ji Almu, “shaidata tana cikin abin nan. A kwance mini hannu in buɗe. In aka ga hoton gida ko na mutum ko na hanyar shiga gari, ko guda ɗaya, a yi mini duk abin da aka ga dama.”

Aka kwance shi. Ya durƙusa gaban tsohon ya fara dannawa. Balbela a bayan sa. Hasbiya a kan giginya. Mujiya ta leƙo daga kogon kuka. Dagaci ya sa aka kawo masa tabarau. Tun yana kallo fuska a ɗaure, har ya fara gyaɗa kai, can sai ya nuna wani ya faɗi sunansa da Nufanci, tsofaffin da ke gefensa suka matso suna gardama ko shi ne ko ba shi ba. Masu duwatsu suka zubar, suna ɗage a kan yatsu don su hango. Sai da aka kai ƙarshe, babu ɗan Adam ko ɗaya.

“To wa kake kai wa wannan?” in ji dagaci. “Gwamnati?”

“Mahaifiyata, ranka ya daɗe. Ba ta iya fita.”

Tsohon ya cire tabarau ya dube shi. Ya juya ya yi wa mutanensa magana mai tsawo da yarensu, wadda Almu bai ji ba, amma ya ga shugaban 'yan bangar ya sunkuyar da kai. Aka kawo masa ruwa da dafaffiyar doya. Sannan dagaci ya ce ba za a bar baƙo ya tafi da tsoro kaɗai ba, ya umarci mutumin nan da ya ɗora wa Almu bindiga ya raka shi wani wuri a gaɓar kogi. Da suka isa, Almu ya tsaya baki buɗe. Gaɓa ce mai tsayi, duk an huda ta da ramuka, ga wasu tsuntsaye jajaye jawur masu shuɗin kai suna shiga suna fita, ɗaruruwa, har gaɓar kamar an shanya mata jan mayafi. Da Jibo ya dawo da bakanike da rana tsaka, hankali a tashe don ya ji labari tun a hanya, ya tarar da abokinsa da ɗan banga a kwance rub da ciki a kan yashi, ɗan bangar yana raɗa masa, “Ga wani can, ga wani can, ɗauka!”

Gauraka dai bai samu ba. Ya tambaya a Yawuri, ya tambaya a Haɗeja da Nguru, kowa sai ya ce da can akwai. Wani Bafillace mai shanu ne a kasuwar Mubi ya ce masa in yana son su da gaske, sai ya haura Kamaru, filayen ruwan da ke kan hanyar Kusuri. Hanya ce da direbobin Funtua ba sa so: ga nisa, ga shingaye, ga yaren da ba a ji. Da aka samu lodin can, 'yan kamasho suna ta lallashin mutane, Almu ya ce shi zai je. Maijidda ta yi kuka, ta ce a kan tsuntsu zai mai da ta gwauruwa. Inna kuwa ta kira shi ta ce in don ita ne ya bari, ta yafe. Ya ce lodi ne, aiki ne, kuma ai wani zai kai in shi bai kai ba. Dukkansu sun san ba wannan ba ne dalilin.

Sun wuce Marwa cikin ayari, sanyi ya fara sauka, ruwan damina yana janyewa daga filaye. Wata safiya suka tsaya sallah a gefen hanya. Almu yana naɗe dardumarsa sai ya ji wani kuka daga sama, mai kauri, mai amo, kamar ana busa ƙaho biyu a tare. Bai taɓa jin sa ba, amma nan take ya gane. Ya ɗaga kai. Ga su nan sun jero, wuya a miƙe, ƙafafu a saki, suka wuce ta kan motocin suka sauka a wani fili mai ɗanyar ciyawa, inda wasu suka riga su. Ba biyu ba, ba goma ba. Filin ne duk ya cika da tukkaye, rana tana haska su.

Ya zaro kyamara cikin gaggawa. Hotunan farko duk suka girgiza. Sai ya ajiye kyamarar a cinya, ya yi hamdala, ya bari ƙirjinsa ya lafa, sannan ya ja jiki a kan gwiwa har bayan wata suri. Biyu daga cikinsu suka ware gefe, suka fuskanci juna, ɗaya ya rusuna, ɗayan ya buɗe fiffike ya daka tsalle. Ya ɗauki hoto, ya kuma ɗauki mai motsi don kukan ya shiga. Direbobin ayarin suna ta danna masa oda, shi ko a jikinsa.

Da ya dawo bai wuce Ƙarfi kai tsaye ba. Ya tsaya a Funtua aka wanke masa guda ɗaya babba, aka sa a gilashi. Ya shiga gida da shi a naɗe cikin zanin gado, ya gaida Inna, ya jingina shi da bango a gabanta, ya yaye.

Inna ta matso kusa. Ta miƙa hannu ta shafa gilashin daidai tukkun, ta gangaro har ƙafafun da ke tsaye cikin ruwa da ciyawa. Sai ya kunna mata mai motsin. Da kukan ya fito, Inna ta rufe ido, sai ga shi ta ɗaga tafukanta tana tafi a hankali, irin na 'yan mata.

“Suna nan ashe,” ta ce. “Auta, suna nan. Maijidda! Aika a kira mini ƙawayena, Tsohuwa da su Ummukulsum, su zo su ga abin da ɗana ya je ya ɗauko.”

Ranar gidan ya cika da tsofaffin unguwa, kowace da labarin da ta tuna. Maijidda ce ke riƙe da kyamarar tana sake kunna musu, tana gaya wa duk wadda ta shigo cewa har Kamaru Baban Yasmin ya je. Inna ta yi damina biyu bayan nan, hoton yana rataye inda take buɗe ido ta gan shi, kafin Allah ya karɓi abarsa.

Mutane sun zaci zai bari bayan rasuwarta. Bai bari ba. Yanzu direbobi ne ke kiransa daga ko'ina, wani daga Jebba, wani daga Potiskum, su ce ga wani mai jan baki da doguwar wutsiya, mene ne sunansa. Shugabar wata makarantar firamare a Malumfashi ta roƙe shi ya zo da hotunansa, ya je cikin kunya da babbar rigar sallah, ya tarar a aji guda babu yaron da ya taɓa ganin ungulu da idonsa. Da labarin ya bazu cewa ya san wani dutse da ungulaye ke kwana, wani mai sayar da kayan magani ya biyo shi har gida da fara'a da alkawura. Almu ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin ƙofa, ya ce masa shi kam ya manta hanyar dutsen.

Bara aka aurar da 'yarsa Yasmin a Gozaki, a ƙarshen bazara, zafi kamar ya kashe mutum. Dangi suka ce ba za a ɗauko mai hoto ba alhali uban amarya yana da kyamarar da ta fi ta kowa. Ya ce shi bai iya ɗaukar mutane ba, suna ganin kyamara sai su sandare. Aka ce ya dai yi. Bayan ɗaurin aure aka jera ango da abokansa da iyaye a ƙofar gida, kowa ya gyara hula, ana jira. Almu ya ɗaga kyamara, ya saita, sai aka ga hancinta yana ɗagawa sama a hankali, ya wuce kawunan mutane, ya tsaya a kan tsamiyar da ke bayansu.

“Malam Almu, mu fa muna nan ƙasa!” in ji wan ango.

“Ku yi haƙuri,” ya ce, bai sauke ba. “Shamuwa ce ta iso.”

Sai layin ya watse. Duk manoma ne. Kowa ya juya yana kare ido da hannu, ana nuna ta, baƙa da farin ciki, ta sauka da kara a baki. Nan take hira ta koma kan iri da taki da wanda ya gama sharar gona. Wani dattijo ya ce auren ya zo da goshi. Aka sha wahala kafin a sake tara mutane, kuma a hoton da aka samu daga ƙarshe, rabinsu sama suke kallo. Shi ne Yasmin ta zaɓa aka wanke mata, ta kafa a falonta.